Iskar Tayar Baya

Maharazu Maje ya durƙusa a kan sumuntin gidan mai, ya kafa bakin tiyon iska a bawul ɗin tayar baya ta hagu, ya danna da iyakar ƙarfinsa. Injin famfon ya ɗauki gurnani, tiyon ya sanƙame a hannunsa, amma tayar ko motsi ba ta yi ba. Tana nan zaune, ta baje ciki a ƙasa. Da ya dafa ta sai da ya fizge hannu don zafi, ga ƙaurin roba yana fitowa daga ƙarƙashin madigadi.

"Malam, ta tashi?" matarsa Karimatu ta tambaya ta tagar mota.

"Tana tashi," ya ce, bai ɗago kai ba.

Ya zare tiyon, ya fiddo ɗan gejinsa mai kama da biro daga aljihun riga, ya ɗora a bawul. Tsinken ciki ya fito ya tsaya a kan arba'in da biyar. Ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya sake karanta abin da maƙera suka rubuta a jikinta. Arba'in da biyar ita ce iyaka. Ya kai iyakar, mota kuma ta ƙi miƙewa.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce da aka ɗora wa ɗaki a baya, irin wanda Turawa ke tafiya hutu bakin teku da shi, da gadonsa da murhun gas da tankin ruwa. A Croydon ya saye ta bayan ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe ta aikin safiyo. Tun da kuɗin fetur ya shigo Najeriya kowa ke odar siminti da motoci, jiragen ruwa suka yi cincirindo a Ikko, wanda ya aika kaya sai ya yi wata da watanni yana jiran labarinsu. Shi ya sa Maharazu ya yanke shawarar ya tuƙa nasa da hannunsa, ta Faransa da Aljeriya da Agadas har ƙofar gidansu a Gusau. Abokinsa Haggai Jang da wasu ɗalibai sun riga sun ƙetare, suna jiransa a Faransa don su shiga sahara tare. Izinin zamansu a Ingila gobe Lahadi zai ƙare, jirgin ruwansu kuma yau da yamma zai tashi daga Dover.

Duk wannan ba shi ya sa shi wannan gaggawa ba. 'Yarsu ce, Hadizatu.

Tana jaririya Karimatu ta sami ɗinki a wata masana'anta a Whitechapel, daga safe har magariba. Shi kuma yana kwaleji da rana, da yamma yana wankin kwanuka. Mai gidan da suke haya ya ce ba ya son kukan jariri. Sai suka yi abin da ɗalibai 'yan Najeriya da yawa ke yi a lokacin: suka samo wata Baturiya, Misis Hallett ta Abbey Wood, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta karɓi riƙon yarinyar. An yi da ita wata shida ne. Karatu ya yi ta ja, aka wayi gari Hadizatu tana da shekara biyar, iyayenta baƙin ranar Lahadi ne masu zuwa da alewa.

Sun shirya su ɗauke ta da la'asar, a kan hanyarsu ta Dover. Safiyar kuwa ya ware ta don ya tsara kaya a tsanake, ya duba tayoyi tun suna da sanyi. Yana cikin kurɓar shayi wayar da ke kan matakalar gidan ta yi ƙara. Mista Hallett ne, mijin matar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda in ka kai ziyara ba ya wuce gaisuwa. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a cikin bargo.

"Ku taho yanzu. Ƙanwar matata za ta zo kafin tsakar rana ta tafi da yarinyar Wales, wai hutu. Ran Litinin kuma za su ga lauya."

Mista Hallett ya kife wayar.

Ran Litinin su ba sa ƙasar, in ma suna nan to sun zama masu laifi. Abin da ya rage a ɗaki haka suka kwaso shi suka watsa a bayan mota, nauyi duk ya taru a kan tayoyin baya. Tun daga unguwarsu Camberwell motar ke tangaɗi, sitiyari ya yi sakwaf a hannunsa kamar gaban motar ba ya taɓa ƙasa. A Old Kent Road ƙauri ya fara shigowa, ya shige gidan man farko da ya gani.

Ya sake kafa tiyon. Hamsin. Rana ta buɗe sosai, irin zafin da aka ce Landan ba ta taɓa gani ba, gumi yana shiga masa ido. Karimatu ta fita bakin titi tana ɗaga wa tasi hannu. Ɗaya ta wuce da mutane, ɗaya ta wuce babu kowa, ba ta tsaya ba. Hamsin da biyar. Sai ya ji tayar ta yi wani ɗan ƙara, ƙas, kamar busasshen kara ya karye. Ya saki tiyon, ya ja da baya yana kallonta.

Ya kwanta rigingine a kan sumunti, ya tura kai ƙarƙashin mota. Sifirin ya kwanta shame-shame. Gefen bodi ya sauka a kan taya, ya sassaƙe mata wani layi mai sheƙi, zagaye guda. Ya daɗe yana kallon layin. Ko iskar Landan duka ya ɗura mata, ba za ta ɗauki abin da ya ɗora mata ba.

Da ya fito Karimatu na tsaye a kansa, mayafinta ya zame zuwa kafaɗa.

"Faɗa mini gaskiya, Malam."

"Kaya sun yi yawa. In muka hau titi a haka, ba za mu kai Woolwich ba za ta fashe."

"To ni in bi bas."

"Bas biyu za ki hau, ga Asabar. Kuma kin san matar nan, ba za ta sakar miki ita a ƙafa ba, ke kaɗai."

Ya zagaya ya buɗe famfon tankin ruwa. Jiya ya cika shi taf, da jarkoki huɗu, don ɗokin sahara, kamar babu ruwa a Faransa. Ruwan ya malale a kan sumunti yana bin hanyar kwata. Tsohon da ke sayar da mai ya fito daga rumfarsa da sauri, wani mai farin gashi da jan wuya.

"Kai, ba ka san fari ake yi ba? An hana mutane ba fure ruwa, kai kana wanke mini ƙasa?"

Maharazu ya ba shi haƙuri, ya ci gaba da tuntsurar da jarkoki. Da ruwa ya ƙare ya sa yatsa tsakanin bodi da taya. Da ƙyar farce ya shiga.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin motar yana duban abin da ke ciki. Ga firijin Inna, mahaifiyarsa, wanda duk unguwarsu an san yana tafe da shi. Ga janaretan da yayansa Almu ya nanata masa kada ya dawo ba shi. Ga kwalayen littattafansa, ga tangaran, ga fankoki, ga barguna da agogon bango na kawunai da gwaggonni. Yanzu a gida ɗan sakandare ma mota yake ja. Wanda ya yi shekara shida a Ingila ya dawo hannu biyu, da wane ido zai dubi mutane? Ya ɗaga wani kwali, ya ajiye. Ya ɗauki fanka guda, wadda ko yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, ya tsaya riƙe da ita.

Karimatu ta raɓa ta gefensa ta hau. Ya ji tana jan wani abu mai nauyi yana kartar daɓe. Kan kekenta ne na ɗinki, baƙin ƙarfe irin na masana'anta, wanda ta ce da shi za ta buɗe shago a Gusau ta koya wa mata.

"Karima, kekenki ne fa."

"Na san nawa ne. Kama can."

Ya kama. Suka dire shi a gindin katanga, suka koma suka ɗauko teburinsa da injinsa. Daga nan bai ƙara tsayawa tunani ba. Janareta ya bi baya, sai littattafai. Gindin wani kwali ya ɓalle, littattafan lissafi da taswira suka zube cikin ruwan da ya kwanta, ya tsallake su ya wuce.

"Nan ba juji ba ne," in ji tsohon. "Ba za ku bar mini wannan tarkacen ba. Zan kira 'yan sanda."

Karimatu ta juyo, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Turancinta na masana'anta ne, guntu-guntu.

"Take," ta ce. "All. Take."

Tsohon ya dubi keken, ya dubi janareta sabo fil da takardarsa, ya dubi fuskarta.

"Me ke faruwa ne?" ya tambayi Maharazu.

"'Yarmu za mu ɗauko. In muka makara za a tafi da ita."

Tsohon ya goge hannu a wando, ya hau ya kama firijin ta sama. Su uku suka sauko da shi. Da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa motar ta yi wani ɗan nishi, bayanta ya ɗaga. Maharazu ya sa hannu tsakanin bodi da taya, tafinsa duka ya shige.

"Alhamdu lillahi. Shiga mu tafi," in ji Karimatu, har ta kama ƙofa.

"Saura iska."

"Wace iska kuma? Ba ga ta ta tashi ba?"

"Ta hagu na cika ta fiye da ƙima, ta dama kuma ba ta kai ba. Tayar nan ta riga ta ji rauni. In na hau tudun Shooters Hill da ita a haka, ta fashe, to shi ke nan."

"Malam, don girman Allah."

Ya durƙusa, ya juya gejin ya danna ƙwayar bawul da bayansa. Iska ta fara fita, tsiii, mai zafi, mai warin roba. Ya saki, ya auna. Ya sake dannawa. Duk jikinsa cewa yake tashi ka tuƙa, amma ya danne guiwoyinsa a ƙasa. Ya san taya mai zafi tana nuna wa geji fiye da abin da ke cikinta, don haka bai sauke ta ƙasa da iyakarta ba, ya tsayar da ita daidai arba'in da biyar. Ya ja tiyo ya zagaya ta dama, ya ƙara mata har ta zo daidai da 'yar'uwarta. Na gaba ba sa ɗauke da komai sai inji da su biyu, ya bar su a talatin. Karimatu na tsaye ta haɗa kai da ƙofar mota, leɓɓanta suna motsi. Da ya ɗaura murfin bawul na ƙarshe sai ya ga guiwar wandonsa ta yage, bai san yaushe ba.

Tsohon ya tsayar musu da motoci suka fita titi. A madubi Maharazu ya hango firijin Inna tsaye fari fat a rana, ƙofarsa a buɗe.

Bai wuce gudun keke mai sauri ba. Sitiyari ya dawo hannunsa, motar ta daina tangaɗi, amma kowane rami suka faɗa sai ya kasa kunne ga tayar baya. Motoci suka yi layi a bayansa suna hon. Sun hau tudu lafiya, sun gangara. Suna cikin Plumstead agogon wani coci ya buga sha biyu. Karimatu ta rufe fuska da mayafi.

Da suka karya kwanar layin su Hallett, wata ƙaramar mota koriya na tsaye a ƙofar gidan, but ɗinta a buɗe, da jan akwatin Hadizatu a ciki. Wata mata mai gajeren gashi, ƙanwar Misis Hallett, tana kai da komo a gefen titi, sigari a hannu. Tayoyin motar biyu na ɓangaren gida sun kwanta a ƙasa. Mista Hallett na tsaye da singileti, yana taka famfon ƙafa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba shi da wani aiki a duniya.

"Faci," ya ce da ƙarfi da Maharazu ya sauko. "Biyu a lokaci guda. Tun ɗazu nake bugawa, sun ƙi ɗauka."

Ya miƙo hannu kamar za su gaisa. A tafinsa akwai ƙwayoyin bawul guda biyu, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ya mai da su aljihu.

"Kun daɗe," ya ce a hankali. Idanunsa sun yi ja.

Misis Hallett na zaune a falo, Hadizatu a kan cinyarta, an sa mata rigar fita mai ruwan ɗorawa da farar safa. Matar ta rungume ta ta baya da hannu biyu. Yarinyar ta dubi iyayenta, ta dubi yagaggen wando da rigar da ta yi baƙi da mai.

"Hello, Auntie Karima," ta ce. "Hello, Daddy Maje."

"Ba za ku tafi da ita cikin wancan akwatin ba," in ji Misis Hallett da Turanci. "Hamada za ku shiga da ita. Ba ta jin yarenku. Kyanda ta yi, ni na kwana a kanta. Haƙorinta na farko da ya fita yana saman bene a cikin kwalba." Ta juya ga Karimatu. "Ke kuma shekara biyar kina zuwa gidan nan, ban taɓa jin kin kira sunanta ba. Ko sau ɗaya. Ban taɓa ganin kin sumbace ta ba. Wace irin uwa ce wannan?"

Maharazu ya buɗe baki zai yi bayani. Zai ce a wurinsu mace ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane, kunya ce, haka aka tashe ta, kuma duk Lahadin da suka baro gidan nan Karimatu kuka take yi a jirgin ƙasa har su sauka. Turancin da ya ci jarrabawa da shi ya watse masa. Me zai ce wa matar nan ta gane kafin jirgi ya tashi?

Karimatu ta cire takalmi a bakin ƙofa, kamar yadda ta saba. Ta tako ta durƙusa a kan kafet, daidai tsayin yarinyar.

"Hadizatu," ta ce.

Sunan ya fito mata a sarƙe, kamar kalmar wani yare. Ta sake faɗa, ta miƙa hannu biyu. Yarinyar ta dube ta da mamaki, sai ta juya ta cusa fuska a ƙirjin Misis Hallett, ta damƙe rigarta.

"Mummy, I don't want to go."

Hannayen Karimatu suka tsaya a miƙe, babu kowa a ciki. Mista Hallett ya shigo ya tsaya a bayan kujerar matarsa, ya dafa kafaɗarta.

"Doreen, 'yarsu ce. Tun ran farko mun sani."

"Ka ci amanata, Len."

"Na sani. Sake ta."

Ta sake ta, amma yarinyar ba ta saki ba. Da Maharazu ya sunkuya zai ɗauke ta sai ta ƙwalla ƙara, ta naɗe ƙafafu a ƙugun matar. Ya ɓamɓare hannu ɗaya, ɗayan ya kama. Yatsunta ƙanana ne, masu ɗumi, yana jin ƙashinsu a cikin nasa. Yana iya fizge ta da ƙarfi, cikin minti guda suna mota. Ya ga ƙanwar matar ta leƙo ta taga, maƙwabta sun fara fitowa ƙofa. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, yarinyar ta shiɗe don kuka.

"Malam, bari," in ji Karimatu. "Bar ta."

Ya saki. Ya dube ta, ya zaci ta haƙura ne. Ta miƙe, ta share fuska da gefen mayafi, ta tsaya a gaban Misis Hallett. Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"You come," ta ce. "Dover. You sit, I sit. She in middle." Sai ta juya ga mijinta da Hausa. "Gaya mata sosai. Ta raka mu har bakin jirgi. Ta gaya mini abin da take ci, da abin da take tsoro, da yadda ake yi mata in ta farka da kuka. Ban san ko ɗaya ba. Akwai wuri a baya yanzu."

Ya fassara. Misis Hallett ta dubi mijinta.

"Je ki," ya ce. "Akwai jirgin ƙasa mai dawowa da yamma. Zan tarye ki a tasha."

Yarinyar ta ci gaba da shessheƙa. Can matar ta tashi da ita a kafaɗa, ta ce a ɗauko mata jakarta da hular rana ta Hadizatu, da ɗan bargon da ke ƙarƙashin matashi, don ba ta barci sai da shi.

Maharazu ya ciro jan akwatin daga koriyar mota, ƙanwar tana ta faɗa, bai ji abin da take cewa ba. Matan biyu suka hau ɗakin baya suka zauna a bakin gado, yarinyar a tsakiya, ta juya wa uwarta baya. Ya ga Karimatu ta ɗora yatsu biyu a kan gefen rigar mai ruwan ɗorawa, a hankali, yadda yarinyar ba za ta ji ba.

Kafin ya rufe ƙofa ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"In muka je Dover ta ƙi sakinta fa? Ko ita yarinyar ta ƙi?"

Karimatu ba ta ɗauke ido daga ƙeyar 'yarta ba.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Tafiyar awa nawa ce?"

"In na bi a hankali, uku."

"To ka bi a hankali."